Hanyar Yuraniyom: Kashi Ɗaya Cikin Ɗari Da Ya Kasa Riƙe Kwalta

Hanya ɗaya ce mai kwalta ta haɗa Tawa da Arlit a Jamhuriyar Nijar. Ta bi ta Tabalak da Abalak da Tamaya, ta bar Ingal a hannun hagu, ta shiga Agadas, daga nan ta miƙe arewa sai bakin ramukan yuraniyom. A takardun hukuma RTA ake kiranta, ana ba ta tsawon kilomita 685. A bakin jama'a kuwa hanyar yuraniyom ce.

Kukan da aka saba ji a wuraren haƙar ma'adinai iri ɗaya ne: manyan motoci sun farfasa hanyar ƙauye, kamfani ya ce ai ya biya haraji, hukuma ta ce babu kuɗi. Labarin RTA ba haka ya faro ba. Kamfanonin haƙar ne suka zuba kuɗin shimfiɗa ta, kuma suka ɗauki nauyin biyan wani kaso duk shekara don kula da ita. Duk da haka hanyar ta mutu, har tafiyar Agadas zuwa Arlit, kilomita 240 da ake yi cikin awa uku lokacin da kwalta ke da lafiya, ta koma tana cin rabin yini ko fiye. An biya, amma hanyar ba ta tsira ba. Don haka abin dubawa a nan shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen yanka kuɗin, da kuma kayan da aka bari suna hawa kwaltar ba sikeli.

Yadda aka shimfiɗa ta

An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. Cominak ya biyo baya a 1974, raminsa na ƙarƙashin ƙasa a Akuta ya fara aiki a 1978. Arlit da Akokan duka saboda ma'adinin aka gina su. A wancan lokaci, duk abin da masana'antar ke buƙata, daga siminti har ƙusa, sai an sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, jirgin ƙasa ya kai shi Paraku, a loda wa manyan motoci su ratsa Gaya da Doso da Dogonduci da Ƙonni su iso Tawa. Daga Tawa zuwa arewa kuwa babu kwalta, sai rairayi da tsakuwa da ƙoramu.

Mulkin Seyni Kountché, wanda ya faro a Afrilun 1974, ya zo daidai da tashin farashin yuraniyom bayan rikicin man fetur na 1973. Laba ɗaya ta haura dala 40 a ƙarshen shekarun 1970. Kuɗi na shigowa, kowa na ganin abin zai ɗore. Masu haƙar suka haɗa hannu a wani kamfani mai suna Concerta, aka danƙa masa hanyar, aka gama aikin wajen 1980. Game da kulawa kuma, tsarin da kamfanonin suka sha faɗa a bayanansu shi ne kashi ɗaya cikin ɗari na cinikinsu na shekara.

Kwaltar ba ta gama bushewa ba farashi ya fara gangarowa. Hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, a Maris 1979, ya sanyaya gwiwar masu gina sababbin tashoshi, kasuwa ta cika da kaya.

Akwai abin da ake yawan mantawa idan ana wannan magana. Gwamnatin Nijar ba 'yar kallo ba ce a kamfanonin. Ta hannun kamfaninta na ma'adinai, Sopamin, ta riƙe kashi 36.6 a Somaïr kafin ta karɓe shi gaba ɗaya a 2025, da kashi 31 a Cominak. Idan aka ce kamfani ya biya, wani yanki na kuɗin daga aljihunta ya fita. Idan aka ce a ƙara wa kamfani kuɗin hanya, ribarta ce za ta ragu. Mai hannun jari irin wannan ba ya saurin matsa wa kansa.

Abin da ke cin kwalta

Injiniyoyin hanya suna da wata ƙa'ida da ta samo asali daga gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, inda aka yi ta zagaya da motoci masu nauyi daban-daban a kan kwalta ana auna lalacewarta. Abin da aka gano shi ne ɓarna ba ta bin nauyi ƙafa da ƙafa. Nauyin da ake dubawa shi ne wanda ke kan kowane aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin hagu da dama. In nauyin ya ninka biyu, ɓarnar ta ninka kusan sau 16. Aksul ɗaya mai ɗauke da tan 10 yana yi wa hanya abin da sai aksul dubu goma masu tan ɗaya-ɗaya sun wuce kafin su yi. Ƙananan motoci da babura kusan ba sa cikin lissafi.

Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14, wadda aka amince da ita a Disambar 2005, ta ƙayyade tan 11.5 ga aksul guda, da tan 51 ga tirela mai aksul shida ita da kayanta. Direban da ya ɗora tan 15 a kan aksul, a ganinsa ɗan ƙari ya yi. A wurin kwalta ya ninka ɓarna kusan sau uku. Mai tan 20 ya ninka ta sau tara.

To wane kaya ne ke hawa RTA? Sunan hanyar yana ruɗin mutane a nan. Yuraniyom ɗin da ke fita ba shi da yawa. Ko a shekarun albarka, abin da Nijar ke fitarwa tan dubu huɗu ne da ɗoriya, a matsayin garin nan mai ruwan ɗorawa da ake ɗurawa a ganguna. Idan aka raba shi a motoci masu ɗaukar tan 25, lodin bai cika ɗari biyu ba a shekara, bai kai mota ɗaya a yini ba. Nauyin gaske yana wajen kayan da ke shiga. Tan ɗaya na dutsen Arlit kilo biyu zuwa huɗu kawai yake bayarwa, kuma sai an niƙa shi an jiƙa da asid. Asid ɗin daga farar wuta ake haɗa shi, ita kuma daga tashar jiragen ruwa ake ɗauko ta. Ga sauran sinadarai, ga gazuwal tanka bayan tanka, ga nakiya da siminti da ƙarafa da tayoyin manyan injuna. An ga girman wannan dogaro a 2023: da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulki, abin da ya fara tsayar da injin Somaïr shi ne yankewar sinadarai. (Hanyar ta yi sa'a ɗaya: kwal ɗin Sonichar a Anu Araren, kusa da Cirozerin, a wurin ake ƙona shi a tura wa Arlit lantarki ta waya. Da a mota ake kai shi, da ba ta kai inda ta kai ba.)

Kuma ba masu yuraniyom kaɗai ke bin ta ba. Albasar lambunan Abzin tana gangarowa kudu, dabbobi suna fita, dabino da taliya da madarar gari suna shigowa daga Aljeriya, motocin fasinja suna kaiwa da komowa. Daga 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, sai ga wani sabon ayari: buhunan dutse zuwa wuraren niƙa, tankokin ruwa da mai, injuna, abinci. Waɗannan ba su cikin yarjejeniyar kashi ɗaya, kuma lodinsu ba ya san iyaka. Shi ya sa kamfanonin ke da abin cewa idan aka tsare su: mu muka gina, mu muke biya, amma kowa ke hawa. Maganar tana da gaskiya a ciki, ko da yake ba ta wanke su duka ba.

Sauran aikin rana da ruwa ne ke ƙarasa shi. Kwaltar Sahel ta wancan zamani siririya ce, tsakuwa ce aka manne da baƙin mai a kan dandaƙaƙƙiyar marmara. Rana ta gasa ta shekara da shekaru har man ya bushe ya tsattsage. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa ya gangaro daga duwatsun Abzin, ƙoramar da ta yi wata tara a bushe ta cika cikin awa ɗaya. Ruwan ya bi tsaga ya jiƙa marmarar ƙasa, gingimari ta taka, wurin ya lotsa. Ramin da tafin hannu zai rufe a bana, baɗi ya haɗiye taya. Gefen kwaltar ya riƙa gutsurewa har ta koma ba ta isar mota biyu. Daga nan direbobi su haƙura da ita, su sauka gefe su buɗe tasu a rairayi. Wannan sawu ya zurfafa, a buɗe wani kusa da shi. Akwai wuraren da ragowar kwaltar ta zama abin kaucewa, tana tsakiya kamar kunya, motoci na wucewa dama da hagu, ƙura na sauka a kan ciyawar makiyaya.

Lissafin kashi ɗaya

A farkon 2007 ana sayen kilo ɗaya na yuraniyom ɗin Nijar a kan sefa 27,300, abin da aka haƙa a shekarar kuma tan dubu uku ne da ɗan ƙari. A wannan farashi cinikin bai kai biliyan 90 ba, kashi ɗayansa bai cika biliyan ɗaya ba. A raba shi a kilomita 685, kowace kilomita ta tashi da miliyan ɗaya da 'yan kai a shekara. Wannan ya isa cike ramuka, da kwashe rairayin da iska ta tara, da yashe magudanai. Bai isa sake shafa wa hanya sabon hawa na kwalta ba, aikin da ake so a yi duk bayan shekara bakwai zuwa goma, balle a tone ta a sake ginawa idan ta cika shekara ashirin.

Mai gidan ƙasa ya san wannan. Yaɓen da ake yi kafin damina ba ya cin kuɗi, amma in aka tsallake shi damina uku katanga ta zube, kuɗin yaɓe ba ya tayar da ita. Kashi ɗayan kuɗin yaɓe ne. Ba a taɓa ajiye kuɗin gini ba.

Abin da ya fi muni shi ne an ɗaure kuɗin da farashin kasuwa, alhali hanya ba ruwanta da kasuwa. RTA ta cika shekara ashirin wajen 2000, lokacin da take buƙatar babban aiki. A daidai wannan lokaci laba ɗaya ta faɗi zuwa kusan dala 7 a kasuwar duniya. Farashin Nijar na yarjejeniya ne, ba ya tsalle kullum kamar na kasuwa, amma inda kasuwa ta nufa can yake bi. Ya tashi a 2007, sa'ad da laba ta kai dala 136 kuma Mamadou Tandja ya matsa aka mai da kilo sefa 40,000. Bayan hatsarin Fukushima a Maris 2011 ya sake juyawa, a 2016 laba ta koma ƙasa da dala 20. Duk wannan hawa da sauka, tankar gazuwal nauyinta ɗaya ne.

Ga kuma rashin tsaro. Tawayen farkon shekarun 1990 bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Na MNJ, daga 2007 zuwa 2009, ya zo da nakiyoyin da ake binnewa a hanya, aka koma tafiya cikin ayari da rakiyar soja. A Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, cikinsu har da na kamfanin gine-gine Satom. Ɗan kwangilar da zai kafa sansani a daji da katafila da tankokin mai sai ya ƙara kuɗin tsaro a kan farashinsa, in ma ya yarda ya je.

Yarjejeniyar 2014

Kwangilolin Somaïr da Cominak sun ƙare a ƙarshen 2013. Aka yi wata da watanni ana ja-in-ja tsakanin Areva, kamfanin Faransa mai hannun jari mafi girma a kamfanonin biyu, da gwamnatin Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa injiniyan ma'adinai ne da ya taɓa aiki a Somaïr. Ƙungiyoyin farar hula, musamman ROTAB ta Ali Idrissa, suka fito tituna suna neman a ɗora wa kamfanonin dokar ma'adinai ta 2006. Ranar 26 ga Mayu 2014 aka sa hannu. Areva ta karɓi dokar, wadda ke iya ɗaga harajin haƙa daga kashi 5.5 zuwa 12 gwargwadon riba. Aka ɗage buɗe sabon ramin yuraniyom na Imuraren. Aka yi alkawarin yuro miliyan 17 don noma a kwarin Irhazer, da yuro miliyan 90 don hanyar Tawa zuwa Arlit.

Yuro miliyan 90 sefa biliyan 59 ke nan. Adadi ne mai daɗin faɗa a rediyo. Amma a kan kilomita 685, miliyan 86 ne kowace kilomita, a yankin da sake gina kilomita ɗaya ta kwalta ke cin ɗaruruwan miliyoyi. Tun ranar sa hannu an san yanki kawai zai gyara.

A ganina illar wannan tsari ta fi ƙarancin kuɗin girma. Hanyar ta zama kayan ciniki a teburin sulhu: ka sassauta mini nan, in ba ka hanya can. Kuɗin gyara ya koma yana zuwa ranar da kwangila ta ƙare, ba ranar da kwalta ta tsage ba. Kuma tun da an ba shi sunan gudummawa, mai bayarwa yana jiran godiya, alhali wani ɓangare nasa bashin ɓarna ne.

Ɓangaren hukuma, da masu biya a ɓoye

Nijar tana da asusun kula da hanyoyi. CAFER ce tun 1999, aka maye gurbinta da FER a 2017, tana samun kuɗi daga peyaji, wato kuɗin bin hanya, da awon motoci da wani kaso na kuɗin mai. Sai dai peyaji girman mota yake dubawa, ba ya duba abin da ta ɗauko. Tirela mai lodin ƙa'ida da wadda ta ninka shi tikiti ɗaya suke yanka. Dokar UEMOA kuwa an yi ta ɗage cikakken aiki da ita a ƙasashen ƙungiyar, domin masu motoci suna da nasu kukan: kuɗin dako ya yi ƙasa, shingaye sun yi yawa, sau da yawa mota fanko take komowa, in ba a yi lodi ba ba a fita. Kowannensu yana da hujja, jimillar hujjojin ce ke farfasa hanyar da dukansu ke ci a kanta.

Dokar 2006 ta ware kashi 15 na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa a cikinta. Magadan gari na jihar Agadas sun daɗe suna ƙorafin kuɗin ba ya zuwa a kan kari. Amma ko ya zo, akwai gurbi a tsarin: Tabalak da Abalak da Tamaya a jihar Tawa suke. Motocin ta cikinsu suke bi, ƙurar a kansu take sauka, rabon yuraniyom kuma ba ya isa gare su, don ramin ba a ƙasarsu yake ba.

Da asusu ya gaza, kuɗin gyaran bai ɓace ba, wasu aka mayar wa. Mai mota yana biya a wurin bakanike, sufirin da shokozoba da taya; direbobi na cewa hanya ta ci mota. Shi kuma ya ɗora a kan kuɗin dako da na fasinja. Manomin albasa na Tabelot yana biya idan dillali ya rage masa farashin buhu saboda kwanakin da kaya za su yi a hanya cikin zafi. Matar gida a Arlit tana biya a kuɗin gero, don mafi yawan hatsin da ake ci a garin daga kudu yake zuwa. Majinyacin da aka tura Agadas yana biya da jikinsa. Akwai ma masu karɓar nasu peyajin, kamar yadda ake gani a matattun hanyoyi ko'ina a ƙasashenmu: saurayi da shebur a bakin rami, ya zuba ƙasa in ya hango mota, ya ɗaga hannu, karen mota ya jefo masa tsaba. Ƙasar da ya zuba mota uku ke watsar da ita, gobe ya dawo ya sake.

Bayan mai haƙa ya tashi

Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da kimanin tan dubu 75. An ware kusan yuro miliyan 150 don aikin rufewa, mafi yawansa na binne tarin ragowar dutse mai guba da ya kai tan miliyan 20, da sallamar ma'aikata. Kashi ɗaya na cinikin da babu shi kuwa sifili ne. Hanyar ta rasa ɗaya daga cikin masu biyanta biyu a rana guda, mutanen Akokan kuma suna nan, suna buƙatar gero da magani.

Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A Yunin 2024 aka karɓe lasisin Imuraren daga Orano, sabon sunan Areva tun 2018. A Disamba Orano ta ce Somaïr ya fita daga hannunta, a Yunin 2025 gwamnati ta sanar da mayar da shi mallakar ƙasa. Ko mutum yana murna da wannan ko yana da shakku, abu ɗaya ya canza game da RTA: mai haƙa da mai karɓar haraji da mai hanya yanzu hannu ɗaya ne. Babu sauran wanda za a nuna a Faris.

Ga kuma sababbin masu shigowa. Aikin haƙar yuraniyom na Dasa, tsakanin Agadas da Arlit, wanda Global Atomic ta Kanada ke da kashi 80 a cikinsa, gwamnati na da 20, ta wannan hanya zai shigo da kayansa. Idan aka sake rubuta masa kashi kaza na ciniki, an maimaita 1980.

Abin da lamarin ke nunawa shi ne a yanka kuɗin a kan nauyi da nisa: tan nawa, kilomita nawa, na shiga da na fita, a auna a ƙofar masana'anta da mashigar Tawa da ta Agadas, mai zinariya da mai siminti su hau sikeli ɗaya da mai farar wuta. Wanda ya wuce ƙa'ida a sauke masa kaya a wurin, domin tarar da ta fi ribar lodi arha lasisi ce kawai. Kuɗin ya shiga asusun da aka keɓe wa RTA, magadan garin jihohin biyu da ƙungiyar masu motoci su sami kujera, a riƙa liƙa abin da ya shiga da abin da aka kashe a tashoshin mota. Kuma kamar yadda ake tilasta wa kamfani tara kuɗin rufe rami tun yana haƙa, a sa shi tara rabonsa na sake gina hanyar tun tana sabuwa.

Za a ce wannan zai ƙara tsadar dako, talakan Arlit ne zai sha. Zai ƙara, musamman a shekarun farko, kuma ana iya sassauta wa motocin hatsi. Amma talakan Arlit ya daɗe yana biyan wannan kuɗi ta hannun bakanike da dillali, ba tare da ko mita ɗaya ta kwalta ta fito daga ciki ba. Sikeli a ƙofar Somaïr kuma ba ya jiran sulhu da kowa yanzu. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana cikin UEMOA, iyakar tan 11.5 tana kanta har gobe.